Gwaggon Likitoci

Kafin mai kantin magani na ƙasa ya buɗe ƙofarsa, ita ta riga ta hau bene. Ofishin ƙungiyar likitoci ɗaki biyu ne: ɗaya nata, ɗaya na taro, mai dogon tebur da kujerun roba da fanka mai ƙugi. Takan buɗe tagogi, ta jona butar shayi, ta zare takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, sai waya ta fara ƙara. Wannan lasisinsa ya kusa ƙarewa, wancan yana neman lauya, mai gida yana son a sabunta yarjejeniyar haya, masu zauren taro kuma sun ba 'yan biki ranar da muka kama. Kafin azahar ta warware rabi, sauran ta saɓa jaka ta bi su da ƙafa.

A takarda sakatariyar gudanarwa ce, amma ba mai kiranta haka. Gwaggo muke ce mata, har manyan da suka girme ta. Ba likita ba ce, ko allura aka nuna mata sai ta rufe ido. Takan ce abu biyu ta koya a wurinmu: karanta mummunan rubutu, da jiran mutumin da ya ce ga shi nan tafe.

Ni na san ko wace ce ita a shekarar da na fara aiki. Ina ɗakin gaggawa aka kawo wani dattijo wanda rai ya riga ya yi halinsa. Ina faɗa wa 'ya'yansa, babban ya ɗauke ni da mari, sauran suka rufe ni da duka, har kafaɗata ta goce. Babu mai gadi ko ɗaya a ƙofar.

Washegari ofishin ƙungiya ya cika har matakala. Ran kowa a ɓace, aka ce a tafi yajin aiki, a rufe ko'ina har sai an samar mana da tsaro. Gwaggo tana gefe tana rubuta abin da ake faɗa, sai ta ɗaga hannu. Shugaba ya yi mamaki, don ba ta taɓa sa baki a taro ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da ƙuri'a a nan. Ku yi yajinku, kuna da gaskiya. Amma in kun rufe ɗakin haihuwa, wadda za ta mutu ba ita ta daki 'yarmu ba."

Wani ya ce ta tsaya a matsayinta. Ni kaina da nake zaune da hannu a rataye, maganar Gwaggo ta sosa mini rai. Ita kuwa ta ci gaba da rubutunta. An daɗe ana gardama, daga ƙarshe aka amince a bar ɗakin gaggawa da na haihuwa a buɗe.

Nan aikinta ya soma. Ita ta riƙa kiran likitoci ɗaya bayan ɗaya tana lallashi, har aka samu masu karɓa-karɓa. Ita ta ja lauyan ƙungiya zuwa wurin mahukuntan asibiti, ta zauna a bencin ƙofa, masinja yana cewa maigida ya fita, tana cewa ba komai, ai zai dawo. Ba ta daina zarya ba sai da aka sa masu gadi, aka kai waɗanda suka dake ni gaban alƙali.

Ni kuwa na riga na yanke shawarar barin aikin. Ta zo gidanmu da yamma ta tarar da mahaifiyata tana goyon bayana. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta zauna a bakin gado tana ninke mini kaya, ta ce in huta iya son raina, ta riga ta nemo mini hutu. Ranar da na koma, ita ta raka ni har ƙofar ɗakin gaggawa, ta tsaya sai da ta ga na duba mutum na farko.

Gwaggo, ke ce uwar ɗakin da ba a sa hotonta a bango. Shugabanni sun zo sun tafi, kowa an yi masa liyafa, ke ce kike shirya kujerun. Ba kullum muka kyauta miki ba. Mun sha ɗaga miki murya a waya kan abin da mu muka manta, kuma sau da yawa godiyarmu takan makara.

Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, ki koma cikin jikokinki. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Masu riƙe da ofisoshin ƙungiyoyi, ku yi koyi da ita; mu kuma da ake yi wa hidima, mu riƙa juyawa muna gaida wanda ke zaune a gefen tebur.

Ba ki taɓa riƙe allura ba, Gwaggo, amma duk marar lafiyar da na duba tun daga ranar nan, da hannunki a cikin jinyarsa.