Faifan da Goggo Take Gogewa

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da mai ɗakina da ƙanena da ke jan motar. Ta'aziyya ce ta ɗaga mu zuwa Maiduguri, wajen Goggo, ƙanwar mahaifina. Ɗanta Bukar ne Allah ya yi wa rasuwa a Amurka, can aka yi masa sutura, ita kuwa ko makararsa ba ta gani ba. A gidanta na unguwar Mairi na zauna ina jami'a, ɗakinmu ɗaya da shi, don haka ta'aziyyar waya ba tawa ba ce.

Hanya ba laifi har Azare. A Potiskum muka tsaya shan shayi da tsire, in dai tsire za a kira shi, domin abin da aka naɗo mana a takarda bai wuce na ɗanɗano ba. Daga Damaturu kuwa sai shingen sojoji, wannan na bin wannan, kowane direba na sauri ya shiga gari kafin a rufe hanya. Ƙanena da ya cika mu da surutu tun daga Wudil ya koma kallon kufan gidaje a gefen titi.

Mun tarar da Goggo a kan darduma, ta rame, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ɗakin na nan yadda na san shi, ƙamshin turaren wuta ya kama har labule. Aka yi addu'a, aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, ba wanda ya ci na kirki. Da mutane suka ragu ta jawo wata kwalla, ta fito da ƙullin ƙyalle ta kwance. Faifan DVD ne.

Bukar ne ya aiko shi shekarun baya, na sunan ɗansa na fari, ya kuma gaya mata a waya cewa a ƙarshe akwai gaisuwarsa gare ta ita kaɗai. Aka sa a injin gidan, ya ƙi, sai wani rubutun Turanci yake nunawa. Maƙwabta suka gwada nasu, haka. Ita kuma duk ranar da ya tambaye ta sai ta ce, "Na gani, Allah ya raya," don kada ya damu a ƙasar mutane. Matarsa ta ce kwafinsu ya tafi da tsohuwar kwamfuta. Wannan ne kaɗai ya rage.

"Ɗana," in ji Goggo, "ina so in ga fuskarsa kafin idon ya ƙarasa rufewa."

Washegari na rungumi injin na hau Keke zuwa kasuwar Gamboru. Kai, kasuwar nan sai a hankali! Warin kifi, hayaƙin janareto, nan ana ciniki da Barbarci, can da Larabcin Shuwa, in an kasa daidaitawa a dawo Hausa. Aka nuna mini rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin kudancin Borno. Yana ganin rubutun ya yi dariya ya ce, "Alhaji, faifanka ba shi da biza." Ashe masu yin abin sun raba duniya yanki-yanki, Amurka lamba ɗaya, mu lamba biyar, injin wani yanki ba ya karɓar faifan wani. Ya buɗe bakin injin, ya danna wasu lambobi a rimot, ya rufe. Sai ga hoto. Ya ƙara da cewa tsarin hoton can daban yake da namu, in talabijin ɗin tsohuwa ce wataƙila kala ba za ta fito ba.

Har na fara hamdala, sai ya ciro faifan ya juya bayansa, ya kai hanci. "Wa ke shafa masa turare?"

Nan na gane. Goggo ce. Abin da take so duk haka take masa, ta ɗiga humra ta murza da gefen lafayarta. Shekara da shekaru tana goge faifan nan, har bakinsa ya yi zane-zane kamar gindin tsohuwar tasa. Dattijon ya ce faifai daga tsakiya yake fara karatu ya yi waje, wato ƙarshen labari a baki yake. Gaisuwar kuwa a can take. Ya wanke, ya goge da auduga, ya ce iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Ya so mu gwada har ƙarshe, na ce a'a, ba zan iya kallon Bukar a tsakiyar kasuwa ba.

Bayan la'asar muka aro janareton maƙwabci. Goggo ta matso har gwiwarta na taɓa teburin talabijin. Hoto ya fito fari da baƙi, yana ɗan rawa. Ta daɗe tana kallon titi da ƙanƙara, sannan ta ce, "Ƙasar tasu ba kala ne?" Muka yi dariya da hawaye. Ga baƙi, ga abinci, ga jariri a zanen goyon da ita ta aika. Wani ya gifta da faranti, bayansa kawai aka nuno, ta ɗaga hannu ta ce, "Shi ne. Tafiyar ubansa."

Ni dai addu'a nake a zuci. Hoto ya fara tsalle, ya tsaya, ya ci gaba. Sai ga Bukar ya zauna a kujera, ya gyara hula, ya dubo mu. Ya ce, "Ya," yadda Barebari ke kiran uwa, ya ɗaga hannu. A nan faifan ya ƙame. Na mayar baya, na sake, a daidai nan yake tsayawa, baki a buɗe, hannu a sama.

"Bar shi haka," in ji Goggo.

Ta amsa masa. Ta yi masa lale da Barbarci, ta tambaye shi sanyi, ta tambayi mai jego, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Mai ɗakina ta tashi ta fita tsakar gida. Haka Goggo ta zauna gaban hoton nan har man janareton ya ƙare. Da na miƙa mata faifan ta ɗiga masa humra ta kama gefen lafaya. Ƙanena ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai.

Da hantsi muka kamo hanya, Goggo ta cika mana but ɗin mota da kifi da turare, ba ta saurari a'a ba. Mun iso Kano lafiya, ba wanda ya nemi tsayawa cin tsire. Abin da na taho da shi ga duk mai uwa a nesa shi ne, in ka aika mata abu ta ce ta gani, kada ka tsaya nan, ka tambaye ta wace riga ka sa a ciki. Allah ya jiƙan Bukar. Ya tafi yana zaton ta ji gaisuwarsa.