Kifin Yaya Bawa

Shekara bakwai ke nan da muka yi wa yayana Bawa sutura a nan Dubai. Har yau in na bi ta Al Quoz zan kai kayan mota wajen masu kago, wato masu tura kaya ƙasashen waje, sai na rage gudu a gaban siton da ya yi aiki. Mai wucewa zai ɗauka tayoyi ne a ciki. Ina! Tankunan ruwan sanyi ne, cike da kifi, a garin da rana ke narka kwalta.

Mu Sarkawa ne daga Yawuri, sana'ar su muka gada kaka da kakanni. Da Yaya ya samu wannan aiki, Babanmu bai yi murna ba ko kaɗan. Cewa ya yi, "Mu daga ruwa muke fitar da kifi. Wanda ke ba kifi abinci da hannunsa bara ne, ba masunci ba." Daga ranar, in aka tambaye shi Bawa, sai ya ce yana aikin kamfani, ya canza zance. Wannan magana ta ci Yaya a rai har ƙarshen rayuwarsa, ni shaida ne, ɗaki ɗaya muke kwana a Bur Dubai.

Kifin da yake kiwo Turawa na ce masa sitajin. Yaya kuwa mai sulke yake kiransa, saboda ƙasusuwan da suka jeru a bayansa. Yana da gashin baki kamar kurungu, bakinsa a ƙasa, kuma sai ya shekara da yawa kafin ya fara ƙwai. Ƙwan nan masu tsadar tsiya su suka ja masa, aka kame shi har ya kusa ƙarewa a kogunan ƙasashen sanyi. To, wasu daga cikin 'ya'yan kifin da Yaya ya kiwata, can za a kai su a zuba a wani kogi.

Sai masu fatsa na can suka ce ba su san zancen ba. Su kifinsu tirawut ne, wani ɗan gayu mai ɗigo-ɗigo da ke cafke ƙwari a saman ruwa, kuma suna tsoron wannan ƙaton baƙo ya cinye masa ƙwai. Yaya bai ga laifinsu ba. Ya ce shi ma da wani zai zo Yawuri da kifin da ba mu sani ba, da sanda za mu tarbe shi. Aka yanke a haɗa kifayen biyu a dogon tanki ɗaya a gani, aka damƙa wa Yaya kulawa. Wata da watanni yana ɗaukar bidiyo ana tura musu: ɗan gayu yana sama yana tsalle-tsallensa, mai sulke yana ƙasa yana lalube, ba ruwan wani da wani. Tanki ba kogi ba ne, kowa ya sani, amma dai suka yarda a gwada.

Kanawan da muke gida ɗaya da su a Dubai ba su bar shi ya sha iska ba. "Malam Bawa, kifin da ba za a ci ba kake wa hidima? Yalla, kawo ɗaya mu yi farfesu, khalas, shi ke nan!" Sai ya yi dariya ya ce wannan kifi ya girmi kakanninsu, su dinga gaishe shi. Ranar da za a zuba kifayen a kogin, bai samu biza ba. Bai taɓa ganin ruwan da idonsa ba. Bayan shekara biyu ciwon ƙoda ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan yau. Koginmu na gida ya koma sai a wuni ana jan taru a fito da abin da bai cika ƙwarya ba. Na san ba zai ce ai na faɗa muku ba, ba halinsa ba ne. Tambayar raga zai fara yi, ko idanunta sun yi ƙanana.

Bara, Isiyaka, wani mutumin Kumasi da suka yi aiki tare, ya turo mini bidiyo daga kogin can. Wani mai fatsa ne tsaye a ruwa iya gwiwa ya kamo tirawut, ga wani ƙaton mai sulke yana wucewa ta bayansa a hankali, tsawonsa ya kusa na mutum. Wallahi sai da na yi hawaye a cikin mota.

Da na je gida da sallah, na sami Baba a bakin ruwa yana gyaran raga, na miƙa masa waya. Ya ga mutumin ya cire ƙugiya ya saki kifinsa, ya ce, "Kai Mudi, wannan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Sai babban ya bayyana. Baba ya sa na maimaita masa bidiyon.

"Bawa ne ya ciyar da wannan?"

Na ce, "In ba shi ba ne, to cikin 'yan'uwansa ne, Baba."

Yaya bai bar gida ba, bai bar shago ba. Ya bar kifaye a kogin da bai taɓa gani ba, kuma mai yiwuwa su kai lokacin jikokina. Ni dai ina alfahari da shi, kuma ba na ɓoyewa. Amma ranar nan ba ni na yi maganar ba. Baba ne ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga wayar sama, ya ƙwala wa masuntan da ke sauke kaya kira.

"Ku zo ku ga kifin ɗana Bawa! Ni tun ina yaro nake ɗiban kogi, ko guda ɗaya ban taɓa ƙara masa ba."