Furen da ba ya son a taɓa shi

Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, a hannun kakarta ta tashi. Haka ake yi a gidanmu: ana yaye ɗan fari sai a kai shi wurin tsofaffi, uwa kuwa ta kawar da kai. Ko da ta dawo wurina a Gusau ta riga ta zama budurwa. Muna gaisawa, ina zuba mata abinci, in zan kira ta in ce “ke wance”. Ban taɓa riƙe hannunta ba tun tana jinjira.

Ilimin tsirrai ta karanta a jami'a. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya kawo tsiro ɗaya na daji ya yi bayaninsa, daga saiwa har iri. Ina wanke-wanke na ji tana gaya wa ƙanwarta ba ta san me za ta zaɓa ba. Ban dube ta ba, na ce da kwanon da ke hannuna akwai wani fure a dutsen garinmu, can bayan Tsafe, da muke kira 'yar fushi.

Washegari na rubuta mata kamanninsa a littafina na makarantar yaƙi da jahilci, don rubutun ya fi mini sauƙi da zama gabanta ina bayani. Na ce karansa ruwa-ruwa ne, ana hango hasken rana ta cikinsa. Bakin ganyen kamar haƙoran lauje. Furen launin dasashin jariri, da 'yar wutsiya a baya, a lanƙwashe kamar ta kunama. Ba ya fitowa sai a tsagin dutse inda ruwa ke tsattsafowa, kuma ƙarshen damina yake yin kwanso. Kwanson nan in ya nuna, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya fashe, ya watsar da irin. Muna yara mukan daka furen da lemun tsami mu ƙunsa a farce in babu lalle.

Malaminta ya karanta, ya ce ya san dangin wannan fure a ƙasashe masu yawan ruwa, amma bai taɓa jin mai irin wannan kama a nan ba. Ya ce ta kawo shi da furensa da irinsa. In babu iri, aikin bai cika ba, sai ta jira wata damina. Ta je duwatsun wajen Bungudu sau biyu ita da 'yan ajinsu, ta dawo da ƙaya a zane. Ruwa kuwa ya fara ɗaukewa, gero ya yi kai.

Sai na ce ta shirya mu je.

Muka hau mota zuwa Tsafe, daga nan ɗan kabu-kabu ya kai mu garinmu. Yanzu ba a hawan dutsen yadda aka ga dama, sai da wanda ya san halin da ake ciki a ranar. Na nemi ƙawata ta yarinta, Bafulatana, wadda tun muna 'yan mata take kawo nono gidanmu. Ta ce yau lafiya lau, amma mu sauko kafin azahar. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke da wanga jiki za ki hau dutse? Shinkafar Gusau ta gama da ke.”

“Ke kuwa har yau kamar sillen kara,” na ce. “In iska ta taso ki riƙe ni.”

Sau huɗu na zauna a hanya. Inda na sani a da, tsagin ya bushe, shanu sun tattake bakinsa. Ƙawata ta ja mu gaba, ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa, inda take shayar da maruƙa. Ga furannin nan, ba su fi tushe goma ba, suna rawa a cikin laima. Na ji ƙamshin gansakuka, na tuna ƙanwata da ta rasu, wadda ta fi kowa iya wasan tara irin furen nan.

Ɗiyata ta durƙusa, ta auna, ta ɗauki hoto, ta danne reshe ɗaya a cikin takarda. Sannan ta sa safar hannu, ta fito da ɗan hantsaki da ambulan. Ta kama kwanso na farko, tas! Ya nannaɗe kamar tsutsa, irin ya bi ruwa. Na biyu ma haka. Ta matso da ambulan kusa, gefen takardar ya gogi wasu biyu, suka tafi tare.

“Kai, 'yar boko,” in ji ƙawata, “mi kika zo yi, ɗiba ko shuka?”

Ɗiyata ba ta yi dariya ba. Na ƙirga nunannun da suka rage, uku ne.

Ƙawata ta zungure ni da gwiwar hannu. “Ki nuna mata mana. Kunyar mi, nan daga mu sai birai?”

Na durƙusa kusa da ita. Na ce ta cire safar. Na kama gefen mayafinta na yi ɗan aljihu da shi, yadda muke yi muna yara in za mu yi gasar wadda za ta tara iri da yawa. Ba a kama kwanson, na gaya mata, ana lulluɓe shi ne daga ƙasa, a tattara bakin mayafin a kan kara, sannan a tsokane shi ya yi fushinsa a ciki. Ta gwada, yatsunta suka ƙi tsayawa. Sai na ɗora hannuna a kan nata. Ashe tafinta irin nawa ne, gajere, da ɗan yatsan ƙarshe a karkace. Muka tafi a hankali, muka rufe, na ce ta ɗan matsa.

Muka ji tas a cikin mayafi. Ta buɗe: ƙwayoyi bakwai, baƙaƙe, ƙanana kamar riɗi. Na biyu tare muka yi. Na uku ita kaɗai ta yi, amma ba ta saki hannuna na hagu ba.

Malamin ya karɓi aikin. Ya ce furen ba ya cikin littattafan da ke hannunsa, ya aika da shi inda za a ƙara dubawa, har yau muna jiran amsa. Ƙwaya huɗu ta bar mini, na shuka a fasasshiyar tukunya a gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Biyu suka fito.

Da suka yi fure ta tsinko, ta daka da lemun tsami, ta zo ta zauna a bakin tabarmata ta miƙo mini yatsunta.

“Inna, ƙunsa mini.”

Na duba ko akwai kowa a tsakar gida. Akwai. Na dai ƙunsa mata.