Baba, Ka Ɗan Matsa

Mahaifina ya yi shekaru yana ɗaukar hoton itatuwa, kuma a cikin hotunan nan duka babu fuskar mutum ko ɗaya. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutumin Dogondutsi. Da ya ajiye alli muka zauna a unguwar Koira Kano a Yamai, sai ya sayi tsohuwar kamara a unguwar Kalley, ya kama zuwa dajin bedin da aka dasa a bayan garin Yamai. Bedi ne jere-jere, wanda wasu ke kira dogon yaro, da gawo guda da ya riga su zama a wurin.

Yana da ƙa'idarsa. Ya binne rabin bulo a ƙasa, a kansa yake tsayawa kullum ya fuskanci gawon. Da damina bedi yakan yi duhu, ciyawa ta kai gwiwa, gawon kuwa ya zubar da ganye ya tsaya kamar wanda aka yi wa sata. Da kaka ciyawa ta yi ja ta kwanta. In sanyi ya shigo sai gawon ya tofo, shi kaɗai ke murna. Da bazara bedi ya yi fure, Baba ya dawo gida da ƙamshin a rigarsa. Idan mai itace ko makiyayi ya gifta gaban kamara, sai ya sauke hannu ya jira, ko da rabin awa ne. Yakan ce da zarar mutum ya shiga hoto, ido zai bar itace ya bi shi.

Cire hula yake yi in zai shiga dajin. Mama takan tsokane shi, ta ce ya tafi majami'arsa ta biyu, wadda ba a tsawaita wa'azi. Shi kuma ya ce a gari da baki yake addu'a, a can kuwa shiru yake yi, kuma a can ya fi jin ana saurarensa.

Ni dai ban ga abin kallo ba. Aikin jinya nake yi a likita, in dawo ƙafafuna sun kumbura, a shimfiɗa mini hotuna goma na itace ɗaya a ce in faɗi bambancinsu. Ga dajin ma yana ƙarewa. Ana yanka filaye, ana zubar da shara, baƙar leda na rataye a rassa. Ya sha gayyatata, ina cewa sai wani satin. Sau ɗaya na bi shi.

Wata Asabar ce da bazara. Ciwo ya riga ya kama shi, hannunsa na rawa. Ya fito da farar rigarsa ta Lahadi, har na yi masa faɗa cewa ƙaya za ta yage ta. Da muka isa ya tsayar da ni a kan bulon, ya rataya mini kamarar a wuya.

"Yau ke za ki ɗauka," in ji shi.

Ya taka a hankali har gindin gawon, ya juyo ya tsaya, hula a hannu. Na zaci addu'a yake yi, sai na sauke kamarar na jira, yadda na ji yana yi wa makiyaya. Rana ta fara cizo, shi kuwa bai motsa ba. Da na gaji na ɗaga murya.

"Baba, ka ɗan matsa, ka shiga hoton."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya yi murmushi, ya koma gefen hagu. Na danna. Da ya dawo ya karɓi kamarar ya ce, "Kin koyi aikin." Na ji daɗin maganar nan har cikin raina.

Ya rasu da farkon damina. Dattawan majami'a suka nemi hotonsa domin takardar jana'iza. Muka zazzage akwatuna, itace ne kawai, damina da rani. Na aurensu gara ta cinye tun a Dogondutsi, kuma mutum ne da in an ɗaga waya sai ya kauce. Abin da ya rage shi ne na katin ɗan ƙasa, da hatimi a kumatunsa.

Mama na zaune a tabarma ta ce, "Ina wanda kika ɗauke shi a daji? Ni na goge masa rigar. Ya ce yana son ku sami guda ɗaya mai kyau, a wurin da yake so."

Na tashi na ɗauko mata. Ta kai shi kusa da idonta, ta bi gawon da yatsa daga sama har ƙasa, ta duba tsakanin bedin ɗaya bayan ɗaya.

"Ina yake?"

"Mama, ni na ce ya matsa."

Ta daɗe tana riƙe da hoton. Sannan ta kife shi a cinyarta, ta ce a kai musu na katin.