Ranar da Ƙwai Ya Tsaya wa Ɗawisun Kaka

Jiya da hantsi matar jikana ta ɗora man shanu a wuta za ta soya. Ina zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, ƙanshin ya taso ya same ni. Ban san lokacin da na daina ganin tsakar gidan nan na siminti ba. Sai ga ni a wani gida mai dangar kara, a ƙauyenmu da ke tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, rairayi yana ƙona mini tafin ƙafa, haƙorana biyu na gaba sun fita. Bari in ba ka labarin, ko da yake yanzu akwai abin da ban tabbata ba ko ganinsa na yi, ko mafarkinsa.

A zamanin, Nasara ba su daɗe da zuwa ba. Muna jin ana cewa jirgin ƙasa ya iso Kano, amma a garinmu ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Abin kallon da muke da shi a cikin gidanmu yake: ɗawisu biyu, namiji da mace. Kakana ne ya zo da su. Falke ne, yana kai tufafi Damagaram ya dawo da kanwa. A tafiyarsa ta ƙarshe ya tarar da wani Balarabe ciwo ya kayar da shi a zango, ya bar ayari ya wuce, ya zauna jinyarsa. Da mutumin ya miƙe, ya ba shi 'yan tsaki biyu a cikin kwando. Kakana bai ga girmansu ba. Ya rasu tun namijin bai yi jela ba, suka zama na Kaka, mahaifiyar Babana.

Idan zafin bazara ya kai ƙarshe, hadari ya fara leƙowa daga gabas, namijin yakan sauko daga kan tsamiya ya tsaya a tsakar gida ya baza jelarsa. Shuɗin wuyansa ya fi na rigar da ta fito daga marina. Idanuwan da ke jikin jelar sukan yi rawa, suna wani sauti kamar iska a cikin busasshen kara. Nakan tsaya da tulu a ka, in manta an aike ni. Ita kuwa macen ba ta ko ɗaga kai. Launinta na toka ne, sai ɗan kore a wuya, tana tafe tana tsince-tsincenta kamar ba da ita ake ba. Kaka ta fi son ta. Takan ce ita ce mai hankalin.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Rumbunanmu suka zama fanko. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kaji suka bi su. Ɗawisun nan kuwa Kaka ta hana a taɓa. Kullum da sassafe takan ɗauki tsohuwar tukunya ta nufi suri ta ɗebo musu gara, ni ina biye da ita. Suka rayu, amma macen ta rame, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin fartanya.

Da shekara ta zagayo, aka yi ruwan shuka, ƙasa ta yi ƙanshi. Macen ta fara zagaya bayan rumbu, ta tona ɗan gurbi a cikin ciyawa. Kaka ta ce mini kada in kuskura in leƙa, ƙwai za ta yi. Kwana biyu tana shiga gurbin tana fitowa, babu komai.

Rana ta uku da safe na same ta tsaye a gindin danga. Fukafukanta sun zube har ƙasa, ƙafafunta a ware, bakinta a buɗe. Jelarta tana sama tana ƙasa, tana yunƙuri, sai ta tsaya ta lumshe ido. Na watsa mata tsaba, ba ta duba ba. Da ta yi ƙoƙarin tafiya, sai ta dinga rangaji kamar agwagwa. Na ruga na kira Kaka.

Kaka ta durƙusa ta ɗauke ta, ta sa yatsu ta shafa ƙasan cikinta a hankali. Ta daɗe tana shafawa, idonta a rufe.

"Ƙwai ne ya tsaya mata," ta ce. "Ga shi nan, ya zo bakin hanya ya ƙi fita. Yunwar bara ce ba ta sake ta ba."

Babana ya shigo daga gona ɗaukar iri, ya tsaya a kanmu. Ya dubi tsuntsuwar, ya girgiza kai.

"Inna, wannan ba za ta kai yamma ba. A yanka ta tun da sauran numfashi, kada ta zama mushe. Yaran nan sun daɗe ba su ga nama ba."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Shi ya haƙa kabarin ƙanena a cikin yunwar, kuma har lokacin wuyan Innata bai ciko ba. Kaka ba ta kalle shi ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Da dangar ta yi magana.

"A bar mini ita zuwa la'asar. In liman ya kira salla ba ta sauke ba, a kawo wuƙa, ni zan riƙe ƙafafun."

Babana ya ce to. Kafin ya koma gona na ji shi a bayan zaure yana wasa wuƙa a dutse.

Kaka ta sa Innata ta ɗumama ruwa, aka zuba a babbar ƙwarya. Ta tsoma gwiwar hannunta ta ji zafin, ta ƙara na sanyi, sannan ta zaunar da tsuntsuwar a ciki har zuwa ciki. Muka shiga ɗakinta, aka saki asabari. Duhu ne mai sanyi, sai zaren haske da ke ratsowa ta jinka, tururi yana hawa a cikinsa. Ina riƙe da fukafukan, ina jin zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna, da sauri da sauri. Ruwa ya huce, aka sake wani. Ya huce, aka sake. A waje namijin ya hau tsamiya yana ta kuka, kukan nan nasa mai kama da na jariri.

Azahar ta yi, ba labari. Kan tsuntsuwar ya fara langaɓewa. Kaka ta ɗauko ɗan kurtun man shanun da take ɓoyo, wanda bai fi cikin cokali ya rage ba, ta narka shi a kasko. Ta dubi yatsunta, duk sun kumbura sun karkace saboda tsufa. Ta dubi nawa.

"Takwara, kawo hannunki."

Ta duba farcena, ta sa haƙori ta datse na ƙaramin yatsa, ta goga shi a bakin tukunya har ya yi sumul. Ta tsoma shi a man.

"Ki shafa a bakin mafitar, ki zagaya. Kada ki tura, kada ki danna. In ya fashe a ciki, mun rasa ta. Ba ke za ki fitar da shi ba, hanya kawai za ki gyara mata."

Na sa yatsan. Wurin da zafi, kamar cikin tuwo. Can na taɓa wani abu mai santsi. Na ce, "Kaka, na ji shi." Ta ce in ci gaba da zagayawa. Ita kuma ta tallafi cikin ta waje, tana shafowa daga ƙirji zuwa baya, tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Zaren hasken ya tashi daga kan gado ya koma jikin bango. Har gyangyaɗi ya fara ɗaukata, na ga kamar ɗakin yana tafiya da mu a kan ruwa.

Sai tsuntsuwar ta miƙe wuya, ta yi wani yunƙuri da ya girgiza ƙwaryar. Abu ya sulɓo cikin tafin hannuna.

Ƙwai ne, amma ba shi da ɓawo. Fata ce kawai, mai laushi, ana hango gwaiduwa tana lilo a ciki. Na riƙe shi da hannu biyu, ina tsoron ko numfashi. Kaka ta share fuskarta da gefen zane, ta ce zufa ce.

Babana ya dawo kafin kiran salla, wuƙar a ɗamararsa. Ya tarar da tsuntsuwar a naɗe cikin tsohon zane tana kurɓar ruwa daga hannun Kaka. Na miƙa masa ƙwan. Ya taɓa shi da yatsa, ya lotsa, ya dawo.

"Ikon Allah," ya ce. "Ke kika yi?"

Na ce ni da Kaka. Ya zare wuƙar ya soke ta a jinka. Innata ta dafa ƙwan, Kaka ta ce Innata ce za ta ci, don ita ta fi buƙata.

Daga ranar aka ƙara mini aiki. Nakan bi bakin tafki in tsinto katantanwa, Kaka ta ƙona tare da ƙashi, ta daka, ta gauraya da dusa. Damina ta wuce macen ba ta ƙara yin ƙwai ba. Sai a ta gaba ta yi huɗu, masu ƙarfi, biyu suka ƙyanƙyashe. Kaka ta ga 'yan tsakin da idonta kafin ta rasu.

Yanzu komai ya sauya. Inda gidanmu yake, mota ke bi. Jikana ya ce a Gumel akwai malamin dabbobi da zai yi wa tsuntsu allura ƙwai ya fita kafin a gama gaisawa. Mata ma asibiti suke zuwa, kuma na gode wa Allah, don na ga waɗanda muka rasa a ɗakin haihuwa, waɗanda da a yau ne da sun rayu. Na san haka ne saboda bayan na yi aure na haihu, ni aka riƙa kira in naƙuda ta yi tsanani, daga garinmu har ƙauyukan Gagarawa. Waɗanda na yanke wa cibi yau wasu sun yi furfura, suna zuwa gaishe ni da jikokinsu. Wani lokaci sukan yi gardama a gabana kan wanda na fara karɓa a cikinsu. Nakan bar su su gama, sannan in ce musu duk ƙanne ne, babbansu a cikin ƙwarya aka haife shi.