Inuwar Tsamiyar Malam Sule

Jiya na tarar da jikata Hadiza rungume da waya tana hawaye. Darasin kimiyyar da malamai ke zuwa yi musu da dogon hutu an mayar da shi waya, mu kuma a unguwarmu sabis sai gindin tsamiyar Malam Sule. Shi kuwa tun da ya ci min iyakar gona ba ma gaisawa.

Na ja sandata na je, na yi sallama da ƙyar.

Ya ce, "Malam Audu, iyakar ce kuma?"

Na ce, "Wannan ban yafe ba. Inuwa na zo roƙa wa yarinya."

Ya shimfiɗa mata tabarma da kansa.

Wannan labarin Hadiza nake faɗa wa tana rubutawa. Jama'a, gobe in na raka ta, in zauna ko in juyo?