Baƙin Kawu Muttaƙa a Marseille

Kawu Muttaƙa ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun tasowata na san shi da ciwo ɗaya: ba ya iya ganin mutum da kaya a hannu ya wuce shi. Gado ya yi. Kakanmu mai masauki ne a Zongon Parakou, fataken goro daga Djougou a zaurensa suke sauka, a ba su ruwa a ba su tuwo, ba mai tambayarsu ranar tafiya. Da wannan hali Kawu ya tafi Faransa yana saurayi, ya samu aikin wanke jiragen ruwa a Marseille, ya kama hayar ɗaki biyu a wani tsohon bene cikin tsohuwar unguwa. Shekara talatin da takwas ya yi a cikinsu.

Nan ya kai matarsa Rabiatou, 'yar Djougou, nan aka haifi 'yarsu tilo Sumayya, nan kuma Rabiatou ta cika. A garin aka binne ta. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya hau bas ya je ya yi mata addu'a. Duk sanda muka ce ya dawo gida ya huta, amsarsa ɗaya ce: "In bar ta da wa?" Ɗakin nan shi ne abin da ya riƙe shi kusa da ita, don ɗan fanshonsa ba zai kama masa wani a garin ba.

Sai aka sayar da benen. Sabon mai gida ya shiga sallamar 'yan haya ɗaya bayan ɗaya, yana shafe ɗakunan da farin fenti, yana ba masu yawon buɗe ido na kwana biyu ko uku. Ba ya ko zuwa tarbarsu. Wani ɗan akwatin ƙarfe ya kafa a bakin ƙofa, baƙo ya danna lamba ya ɗauki mabuɗi.

Wannan ne ya tsaya wa Kawu a rai, ba tafiyar maƙwabta kaɗai ba. Ya kira mahaifiyata yana cewa, "Yaya, mutane su taso daga wata ƙasa, akwati ya tarbe su? Wannan ai abin kunya ne ga duk wanda ke gidan." Shi kaɗai ya rage a gidan, don haka ya ɗauka kunyar tasa ce. Tsoho mai ciwon gwiwa ya koma ɗaukar wa samari kaya har hawa na uku. Da garin doyar da ake aiko masa daga Djougou yake dafa wasa-wasa yadda Rabiatou ta koya masa, ya zuba a kwano ya rufe, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sannu da zuwa. Wasu su tsorata, wasu su miƙo masa kuɗi ya ji haushi, amma yawancinsu ci suke har da neman ƙari.

Abin da bai sani ba, in sun tafi rubutu suke a intanet. Gidan da tsoho ɗan Afirka ke ba da abinci. Suna ɗaukar hotonsa da kwanonsa. Kafin shekara ta zagayo sai mutum ya yi wata uku yana layi kafin ya samu ɗaki a benen. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don wasa-wasar Kawu ce ta nuna wa sabon mai gidan cewa ɗakuna sun yi masa kaɗan, ga kuma biyu a hannun tsoho.

Mai gidan ya zo da fara'a da takardar tashi, ya ce gini na bukatar gyara. Sumayya, wadda ke aikin jinya a wani gari, ta kira tana kuka. "Baba, kar ka sa hannu. Akwai asosiyasiyon, ƙungiyar 'yan haya, tsoho irinka ba a fitar da shi haka nan."

"Ke dai yarinya ce," ya ce mata. "Mutum ya ba ka wurin kwana, ka kai shi ƙara? Ba a yi wannan a gidanmu ba."

Ya sa hannu. Wauta ce, na kuma faɗa masa a gaban idonsa da ya dawo gida Parakou, Allah ya yafe mini.

Gidan Zongo an daɗe da raba shi, zauren ya zama shagon sayar da waya. Wurina ya sauka a unguwar Ganou. Muka ba shi ɗaki mai taga, ba abin da ya rasa, amma ya zama baƙo, kuma bai iya zaman baƙo ba. In na kawo abinci sai ya miƙe ya karɓa da hannu biyu yana godiya kamar bai san ni ba. Ranar Juma'a in ya dawo masallaci sai ya zauna a bakin gado da hula a kai, takalmi a ƙafa, har la'asar.

Bara Sumayya ta je ziyarar kabarin uwarta. Don ta ga ɗakin da aka haife ta sai da ta kama shi ta waya na kwana ɗaya, ita ma ta danna lamba ta ɗauki mabuɗi. Ta kira mu ta bidiyo da rana, na riƙe masa wayar. Ya duba farin bango da baƙon gado. Can ya ce, "To ki fita ki gaida maƙwabta, kar a ce kin zo kin tafi."

Ta ce, "Baba, babu maƙwabta."

Ya ce in kashe wayar. Bai sake tambayar Marseille ba. Bayan wata huɗu muka binne shi a nan Parakou, Rabiatou kuma tana can ita kaɗai.